Nonon Adda Saude

Tun da ciwo ya kwantar da Hajja Kaka, ba abin da ke shiga cikinta sai fura da nonon shanu na Adda Saude, Bafulatanar da ke kawo musu talla. Madarar gwangwanin da ta cika kantunan Kazaure a zamanin kuɗin mai, ko ƙanshinta ba ta so. Wata rana Adda ba ta shigo gari ba, sai Kaumi, ɗan Hajja, ya ɗauki kwano, ya hau babur har rugarsu a bayan Roni.

Ya yi sallama, ya zagaya bayan bukka. Nan ya tarar da Adda a durƙushe tana dama garin madara a ƙwarya, ga ƙaton gwangwani a gefenta. Ya waiga garke: turaku ne kawai, har ciyawa ta tsiro a tsakaninsu.

"Adda! Ina shanun?"

"Fari ya kwashe su tun bara waccan. Maigida ya kora ragowar kudu."

"To, Hajja me take sha?"

"Abin da kake gani. Kullum kuma sai ta sa mini albarka." Ta ɗauki ludayi. "In zuba, ko ka je ka gaya mata ta daina ci?"

Kaumi ya dubi gwangwanin, ya dubi ƙwaryar. Sannan ya miƙa mata kwanon.