Ko Ni Ne Na Kira Ku

Ubale bai iya zama ba. Tun muna yara a Karare haka yake, in ka miƙa masa kujera sai ya ɗora mata ƙafa ɗaya ya ci gaba da surutunsa a tsaye. Ni sunana Mati, tsire nake sayarwa a bakin filin ƙwallon Batsari, kuma na fi kowa sanin Ubale, don a gaban tukubata yake sauke duk abin da ya dame shi. Ya sha mini hayaƙi, ya cika mini kunne, ya tafi bai taɓa ko tsinke ɗaya ba.

A da ɗan wasan baya ne a ƙwallo, mai taurin kai, irin wanda ko ƙwallo ta wuce shi mai ita ba ya wucewa. A wani wasa gwiwarsa ta goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Da wani ne da ya haƙura ya kama noman gyaɗa irin na ubansa. Shi kuwa sai ya sayo usur. Ya fara da 'yan firamare, daga nan ya tafi Kano ya yi shekaru yana ɗaukar buhun ƙwallaye da jarkar ruwa a bayan wani babban koci, ya dawo da takardar shaidar horarwa da gyambon ciki. Ya tara samarin garinmu ya sa musu suna Zaratan Karare. Burinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya san shi: ya zama koci a kulob na gaske, mai bas ɗinsa, mai benci da rumfa. Nakan ce masa, "To in an ba ka bencin wa zai zauna a kai?"

Sai shekarun wahalar 'yan bindiga suka shigo. Gona ta gagara, kwana a gida ya gagara. Wata rana da la'asar Zaratan suna atisaye a filin Karare aka ji ƙugin babura daga yamma. Kowa ya watse. Ubale ya hau kan wani tudu ya hango na gaba sanye da riga irin ta 'yan sintirin garinmu, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku dawo! Namu ne!" Mutum ɗaya ne ya ji shi ya juyo, Mani, mai tsaron raga. Ba namu ba ne. Sun tafi da Mani, kuma har yau ba a ga ko takalminsa ba.

Bayan nan muka kwaso iyalanmu muka dawo Batsari, wasu a gidan 'yan uwa, wasu a azuzuwan makaranta. Na ɗauka Ubale ya gama da ƙwallo. Ina! Bai jima ba ya sake tara su, sai dai ya shigo da wata sabuwar doka. Kafin a taɓa ƙwallo, kullum, sai an yi atisayen gudu. Kowane ɗan wasa yana da hanyarsa, wani ta bayan masallaci, wani ta cikin dawa, wani ta kwalbati. Da an ji babura da yawa sun taho a tare, a bar ƙwallo inda take. Ba waiwaye, ba tambaya, ba jiran aboki. Kowa ya ɓuya har rana ta faɗi, sannan a haɗu a gindin wata tsamiya da ke bayan dutse. Kuma kullum da kalma ɗaya yake rufewa: "Ko ni ne na kira ku, kada wanda ya juyo."

Mutanen cikin gari dariya suke yi. Wai wannan kocin ƙwallo ne ko na tsere. Ni ma na sha tsokanarsa, amma ban taɓa tsokanarsa a kan wannan ba.

Zaratan kuwa suka yi kyau. Yunwa ce a jikinsu, wasu da takalmin roba suke bugawa, amma in suka kama ƙwallo sai ka mance ba ka karya ba. Kyaftin ɗinsu Bulus ne, ɗan gidan Sarah mai daddawa, dogo, mara magana, wanda in Ubale ya ce masa ya tsaya a wuri sai ka dawo gobe ka same shi a nan. Suka yi ta cin wasa har suka kai ƙarshe a gasar kofin da ake yi tsakanin ƙungiyoyin Batsari da Safana.

Ana cikin haka saƙo ya iso ta bakin wani direban bas, don a lokacin an yanke layin waya a duk yankinmu. Wani kulob na birnin Katsina yana neman mataimakin koci, kuma manajansu, Alhaji Jamaluddeen, ya ji labarin Ubale. Zai zo da kansa ranar wasan ƙarshe ya ga yadda yaransa suke bugawa. In abin ya yi masa, aiki ya samu.

Daga ranar Ubale bai sake barin ƙasa ta huta ba. Ya je gida, ya dawo fili, ya auna raga, ya koma gida, ya dawo ya ce mini ya mance abin da ya je yi. Matarsa Hauwa'u ta biyo ta wurina da kwanon abincinsa ba a taɓa ba.

"Mati, don Allah ka yi wa abokinka magana," in ji ta. "Mutum ya kai shekara arba'in da wani abu yana zagaya ɗaki kamar kazar da za ta yi ƙwai."

"Ki ƙyale shi, in ya samu aikin ya huta."

"Allah ya sa. Wallahi na gaji da kwana a ajin 'yan firamare."

Ranar wasa aka sa a fara bayan azahar, don 'yan Safana su samu komawa da sauran rana. Fili ya cika maƙil. An ajiye wa baƙo farar kujera a gindin darbejiya, an shimfiɗa mata darduma. Alƙalin wasa ya jira, ya jira, babu baƙo, babu kuma wayar da za a tambaya ko yana ina. Dole ya busa.

Ban taɓa ganin Zaratan sun yi wasa irin na ranar ba, kuma na san ba zan sake gani ba. Bulus ya tsare baya kamar an dasa shi. Salmanu, ɗan gabansu, ya yanke mutum biyu ya zuba ta a raga. Kafin a tafi hutu Hashimu ya ƙara ta biyu da ka. Mutane suna ihu har muryoyi suka dushe, ni kaina nama ya ƙone mini ban sani ba. Amma Ubale rabin wasan nan bai gan shi ba. Ido ɗaya a fili, ɗaya a kan titin Katsina. Duk ƙwallon da ta shiga sai ya juya ya dubi farar kujera, ya buga hannu a cinya.

"Mati, wanga wasa wa nika yi wa shi?" ya ce da ni lokacin hutu. "Kujera?"

"Yana tahe. Hanya ce, ka san halinta."

Abin da ba mu sani ba shi ne, Sadisu, shugaban 'yan acaɓan tasha, mai son Zaratan kamar ransa, ya yanke shawara shi kaɗai cewa babban baƙo ba zai shigo Batsari shiru kamar ɓarawo ba. Ya tara yaransa, duk da tsadar mai, suka je bakin gari suka jira motar Alhaji. Sadisu ɗan cikin gari ne. Bai taɓa kwana a gona saboda tsoro ba, kuma bai taɓa zuwa kallon atisaye ba.

An dawo daga hutu ke nan, ƙwallo tana ƙafar Salmanu, daga shi sai mai tsaron raga, sai ƙugin ya taso. Babura ne masu yawa, a tare, suna matsowa.

Mata suka yi salati, tiren wata mai awara ya kife, 'yan Safana suka tsaya cak suna raba ido. Amma duk wanda ya tsaya ya duba ya ga abin da ke tahe: jar hular Sadisu a gaba, tutar Zaratan a ɗaure a kan sanda, ana ta danna oda, farar mota a tsakiya. Sai fili ya ɓarke da dariya.

Zaratan ba su duba ba. Salmanu ya bar ƙwallo a gaban raga tana gangarawa ita kaɗai, ya bi ta kwalbati. Bulus ya tsallake igiya ya faɗa dawa. Mai tsaron ragar Zaratan ya yi bayan masallaci da safar hannunsa. Har masu jiran canji ba wanda ya rage. Ba su yi karo da juna ba, ba wanda ya bi hanyar wani. Kafin ƙurar baburan ta kwanta, rabin fili ya zama wayam.

Ubale ya ruga da gurguwar ƙafarsa har tsakiyar fili, yana busa usur, yana ɗaga hannu.

"Ku dawo!" ya ƙwala. "Bulus! Ku dawo! Namu ne!"

Sai na ga ya tsaya. Bakinsa a buɗe, usur yana reto a wuyansa. Na san abin da ya ji, don ni ma na ji shi. Bai sake kira ba.

Alhaji Jamaluddeen ya fito daga mota yana gyara babbar riga, mutum mai fara'a, yana ba da haƙuri wai taya ce ta fashe musu a hanya. Aka kai shi farar kujera. Ya dubi fili ya ga ƙungiya ɗaya tana tsaye riƙe da ƙugu. Aka yi ta yi masa bayani, kowa na faɗin nasa, Sadisu yana rantsuwa yana kuka. Alhaji ya sa aka kira Ubale, suka gaisa, ya tambayi iyali, ya jajanta zaman da muke ciki.

"Koci, na ji an ce biyu kuka ci, kuma ban ƙaryata ba," in ji shi. "Amma ni kwamiti ne suka aiko ni, abin da idona ya gani zan kai masu. Ka kira su su dawo, ko kaɗan ne in gani."

"Ba za su dawo ba, ranka ya daɗe. Sai rana ta faɗi."

"Ni kuwa ba zan kai faɗuwar rana a hanyar nan ba. A aika mutum mana."

"Ko an aika ba za su fito ba."

Alhaji ya gyara zama. "To Koci, yaran nan ba su jin maganarka ne?"

Na matso kusa, raina ya ɓaci, ina so in buɗe baki in zazzage masa labarin Mani tun daga farko. Ubale ya riƙe mini hannu.

"Suna ji," ya ce.

Alhaji bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kocin Safana, wani dattijo da ake kira Jinjiri, ya so a jira, don ya ce shi bai son kofin da bai ci ba, amma direbansu ya ce shi kam in la'asar ta yi zai tayar da mota ko da su ko babu su. Alƙali ya duba agogo, ya busa, aka miƙa wa 'yan Safana kofi ba tafi ba guɗa. Alhaji ya shiga mota ya ce za a ji daga gare su. Kowa a wurin ya san ba za a ji ba.

Na kashe wuta na bi Ubale zuwa bayan dutse. Tafe yake yana jan ƙafa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa abin tsokana. Shekarun Kano, da buhun ƙwallaye, da ajin da Hauwa'u ke kwana, duk suna cikin farar motar nan da ta tafi.

Da rana ta faɗi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, da ƙaya a safa, da ƙaiƙayi a wuya. Labari ya riga ya same su a hanya. Suka tsaya a gindin tsamiya kai a ƙasa kamar masu jiran bulala. Ubale ya bi su yana duban fuskokinsu, yana taɓa kafaɗar kowa. Ba wanda ya ɓace.

Bulus ne ya yi ƙarfin hali.

"Koci, na ji muryarka," ya ce. "Aradu na ji ka kira sunana. Ƙahwata ta so ta juya."

"Mi ya hana ta?"

"Kai ka ce."

Ubale ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga Hashimu.

"Kai kuma ka waiwaya. A bakin igiya, na gan ka. Gobe kai za ka fara atisayen gudu, kuma sai ka yi ta yi har ka bar waiwaye."

"To, Koci."

Daga nan ya nemi saiwar tsamiya ya zauna. Na san shi tun muna yawo ba wando, ban taɓa ganin ya zauna don kansa ba sai ranar. Ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa suna rawa, yaran kuma suka kewaye shi a tsaye, ba wanda ya tafi.