Inda Muka Binne Inna

Na dawo tsibirinmu na Abaiang daga karatu a birnin Suva na tarar teku ta cinye rabin maƙabartar gidanmu. Fararen duwatsun da ke kewaye da kaburburan duk ruwa ya kwashe. Kawu Bauro, ƙanin mahaifiyarmu, ya ce a tono ƙasusuwan Inna a mayar da su tudu kafin farin wata ya cika, don a lokacin ruwa ke hawowa. Sai dai ba wanda ya san inda za a haƙa.

Na ce, "Kusa da rijiya ne. Ni na riƙe gefen tabarmar da aka naɗe ta. Ana ruwan sama, santsi ya kwashe ni."

Yayata Tekarei ta ce, "Haka ne. Har ka ɓata farin wandonka, ɗan gayu. Amma ba wajen rijiya ba ne, gindin kwakwar nan ne mai lanƙwasa."

"Yaya, ke da kike ta kuka, me kika gani?"

"Kai kuma da ka faɗi ƙasa fa?"

Aka bi tawa. Muka haƙa har ruwan gishiri ya kai mana gwiwa. Ba komai.

Kawu ya jingina da shebur yana kallona. "Teuea, tun jiya nake tunani. Anya kana nan kuwa? Ba jarrabawa kake yi ba? Jirgin ruwan da ya kawo ka sai bayan an gama zaman makoki ya iso."

"Kawu, tsufa ne."

"Tsufan ubanka. Ni na ɗauko akwatinka daga bakin ruwa."

Na tuna barandar makaranta, da malamin da ya kira ni gefe ya faɗa mini rasuwar, da alƙalamin da ke hannuna. Wannan ma ina ganinsa sarai. Kuma nauyin tabarmar yana nan a tafin hannuna.

Tekarei ta ce, "Ƙarya ne. Ni na wanke wandon."

"Na jana'izar kakarku ne," in ji Kawu. "Ko kuwa ta gwaggonku Kaitira. A ranar ma an yi ruwa."

Muka koma gindin kwakwa. Saiwoyi muka samu da ɓawon ƙaguwa. Tekarei ta zauna a bakin ramin, ba ta yi kuka ba. Na tambayi Kawu inda shi yake tunawa. Ya nuna gabas, ya sauke hannu, ya nuna wani wuri da ruwa ya riga ya rufe.

Wata ya cika ranar Asabar. Da safe ramukan biyu sun shafe, yashi ya kwanta sumul har bayan rijiya.

Har yanzu in na rufe ido, kusa da rijiya ne, kuma ina riƙe da gefen tabarmar.