Saran Bayan Rami na Bakwai

Shekara ashirin da biyu Inna Mai-bokiti tana bin bayan 'yan wasa a filin golf. Aikinta ɗaya ne: duk inda sandar ƙarfe ta ɓantare ciyawa, ta zuba yashi da iri, ta take da diddige, ta wuce. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta taɓa riƙe sandar wasa ba, amma ka nuna mata sara a ƙasa, za ta gaya maka hannun da ya yi shi. Saran gwani siriri ne, ba zurfi, kuma gaban ƙwallo yake faɗawa. Na ɗan koyo kuwa, sai ka ce bishiya za a dasa.

Ranar Litinin sabon manaja ya tara ma'aikata a ƙofar ɗakin ajiya. Wai shugaban kulob ya yi ƙorafi, kusurwar bayan rami na bakwai cikin ramukan wasan ta koma gona. Bai tambayi kowa komai ba, ya nuna Inna da biro.

"Inna, in tsufa ya hana ki durƙuso, ki faɗa. Zuwa Juma'a in ban ga gyara ba, ki ajiye bokitin."

Mai ban-ruwa ya yi dariya ta hanci. Direban injin yankan ciyawa ya kama kallon takalminsa. Ita da kowa ke tsoron bakinta, ranar sai ta ɗauki bokitinta ta juya. Wanda ta haifi sa'ansa ya tsinka ta a gaban mutanen da ta koya wa aiki. Sai da ta zagaya bayan tankin ruwa ta share fuska da bakin mayafi.

Abin haushin, kullum da yamma tana cike wajen nan tsaf, da safe ta tarar da sababbi. Ta je ta durƙusa ta duba. Duk hannu ɗaya ne: sara mai zurfi, ya karkata hagu, ga sawun ƙafar baya ya nutse kamar mai shi ya zauna a kanta.

Washegari ta riga mai ban-ruwa isowa. Tun daga nesa ta ji tim! Ta leƙa ta tsakanin itatuwa. Manaja ne, da rigar ofis, ya naɗe ƙafar wando, ledar sababbin sanduna ko gama ɓarewa bai yi ba. Ya ɗaga sanda, ya sauke. Ɓantaren ƙasa ya yi tsalle ya wuce ƙwallon, ita ƙwallon kuma ta gangara taku uku ta tsaya.

"Sannu da noma, ranka ya daɗe."

Sandar ta suɓuce masa.

"Ashe tsufana ne yake zuwa nan da sassafe da wandon ofis."

"Inna, don Allah ki rage murya." Gumi ya keto masa. "Shugaba ya sa ni cikin wasan ƙarshen wata. Da suka ɗauke ni aiki na ce musu na iya. In suka gani..."

"Sai ka rufa kunyarka da tawa."

Ya sunkuyar da kai. Ta zo ne da niyyar yi masa tas, amma ganin ƙaton mutum yana murza yatsu sai ta ji ita ma ba ta iya kallonsa. Ta yi tsaki, ta ɗebo yashi ta zuba layi a kan ciyawa, ta ajiye ƙwallo a kai.

"Ɗauki abinka. Kai so kake ka kwashi ƙwallon kamar da ludayi, shi ya sa kake komawa baya kana haƙa mini kabari. Ɗaga ta ba aikinka ba ne, aikin bakin ƙarfen ne. Ɗora nauyinka a ƙafar gaba. Hannuwanka su riga kan sandar isa. Ƙwallo tukuna, ƙasa daga baya."

"Kin taɓa bugawa ne?"

"Na taɓa cike saran waɗanda suka iya. Buga!"

Na farko ya sari bayan layi. Na biyu ma. Ta ce ya cire ƙwallon, ya yi ta saran gaban layin kawai har hannunsa ya gane hanya. Ya fi sau talatin. Da ta mayar masa da ƙwallon, sai aka ji ƙyas, ta tashi sama ta sauka can kusa da tutar ramin. Saran ya fito siriri, gaban yashi. Ya juyo yana washe baki kamar an ba shi kyauta.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa bokitin.

"Cike naka. In ka gama, inda ka faɗi waccan maganar, can za ka je ka faɗi wannan."

"A gabansu duka? Inna, in kira ki ofis mana, in ba ki haƙuri."

"A ofis ka zage ni?"

Ƙarfe takwas ma'aikata suka taru a ƙofar ɗakin ajiya. Manaja ya tsaya, gwiwoyin wandonsa jiƙe da laka. Sau biyu yana farawa yana tsayawa. Daga baya ya ce ramukan bayan na bakwai shi ne ya yi su, bai iya wasan ba, koyo yake, kuma Inna ba ta da laifi.

Mai ban-ruwa ya soma dariyarsa ta hanci. Inna ta watsa masa harara, ya haɗiye.

Kwana ɗaya cur tana jiran wannan magana, ta ɗauka in ta ji za ta yi guɗa. Sai ga shi idonta na ƙasa, kamar ita aka kama. Ta sa hannu ta karɓe bokitinta.

"Gobe ka zo da wuri," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Har yanzu saranka yana karkata hagu."