Ba Lalaci Ba Ne

Shekara ashirin da biyu yana buga takardu, amma bai cika damuwa da abin da suke cewa ba. Kuskure kawai yake nema: harafin da ya faɗi, layin da ya karkace. Ran nan da hantsi wata likita ta kawo masa aiki, takardar wayar da kan jama'a, kwafi dubu. Ya buga ɗaya ta gwaji, ya gyara tabarau, ya hau bin layi da bakin biro.

"Likita, wannan kalmar haka take? Maitokondiriya?"

"Haka take, Malam. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne a cikin ƙwayoyin jikinmu, su ke juya abinci ya zama ƙarfi. In suka samu matsala, sai jiki ya koma kamar injinka in wuta ta yi ƙasa."

Ya yi dariya, ya gangara kan alamomin cutar. Gajiya daga ɗan motsi kaɗan. Saukar fatar ido. Raguwar ji. Ciwon sukari ga mutum marar ƙiba. Wani nau'in ta wajen uwa ake gadonsa.

Biron ya suɓuce masa.

Autarsa, 'yar shekara goma sha huɗu, sai ta zauna sau biyu kafin ta gama hawa benen gidansu. Da safen nan ma ya daka mata tsawa: "Ke dai lalaci ya yi miki katutu! Buɗe idon nan, kullum kamar mai jin barci!" Matarsa kuwa siririya ce, ga allurar sukari kullum, ga shi sai an maimaita mata magana sau uku. Har tsokanarta yake yi, wai abin da ta ga dama take ji.

"Malam, lafiya? Zauna mana," in ji likitar.

Ya zauna a kan damin takarda. Ya nuna mata takardar. "Likita, ai gidana kika rubuta."

Ta saurare shi har ƙarshe. "Takarda ba ta yanke hukunci," in ji ta. "Ka kawo su a gwada. Amma kafin nan, don Allah a daina tilasta wa yarinyar."

Ya kashe inji tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba. Ya koma gida, ya tarar da matarsa tana guga a falo. Ya sassauta murya ya fara bayani.

"Me ka ce?"

Ya ƙara.

"Ɗaga murya mana, Baban Auta!"

Maganar da ya so ya faɗa a hankali, sai da ya faɗe ta da ihu. Ta karɓi takardar ta karanta a tsaye, rigar da ke ƙarƙashin dutsen gugar ta fara ƙauri.

"Innata haka ta kurumce," ta ce. "Yayana kuma da farfaɗiya ya tafi. Wato ni na ba Auta?"

"Ba ke kika zaɓa ba."

Sai suka ga Auta a bakin ƙofa, da jakar makaranta a hannu. Ta ji komai.

"Baba, ashe da gaske nake gajiya?"

Ya kasa kallonta. Ya karɓi jakar, ya ji nauyinta.

Wata huɗu aka yi ana gwaji, sakamako ya fito: su biyun duka suna da cutar. Likita ta ce ba ta warkewa, amma ana lallaɓa ta, a riƙa duba zuciya da ido da kunne, kuma a sanar da dangin uwa.

A harabar asibitin matarsa ta miƙa masa waya, tunda ita ba za ta ji amsa ba. Ya kira ƙanwarta, mai cikin wata shida. Ya yi bayani tiryan-tiryan.

"Yaya," in ji ƙanwar, "sake faɗa mini sunan cutar. Bari in nemo biro."