Hotunan Baba Tela

"Ɗaga kai, Baba! Karkato hular! Yawwa, tsaya haka!"

Mai Hoto sai rawar ƙafa yake a ɗakin maƙwabcinsa. Tun da wayoyi suka kashe masa sana'a, rabon da a kira shi aiki har ya manta. Yau ga Baba Tela, sabon dawowa daga tiyatar ciki, ya sha babbar riga yana murmushi kamar ango.

Wani bincike asibitin ke yi: a sallami mutum da wuri, kullum ya tura hoton wurin ɗinki ta waya, nas ta duba ko yana warkewa. Baba kuwa ya cika layi da labari. "Da ni ake bincike fa! Kullum likitoci sai sun kalle ni."

"Baba, ɗinkin suka ce a ɗauka," in ji 'yarsa.

"Ke tafi can! In buɗe wa nas, sa'arki, cikina? Labarin zuciya a tambayi fuska. Kuma ni za a nuna wa ɗinki? Na duba, sun iya."

Mai Hoto ya ƙyalƙyale da dariya, don abin nema ya samu. Ya kwaso fitilunsa, ya rataya labule bayan keken ɗinki, ya tura hoto na kece raini.

Nas ta kira tana dariya. "Baba, wallahi ka yi kyau. Amma ɗinkin nake son gani."

"Gobe, 'yata."

Goben ta zo da sabuwar riga, jibi da wata hular. Maƙwabta suka riƙa leƙowa, har mai shagon kwana ya ce shi ma a ɗauke shi. Mai Hoto bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Da nas ta gaji da gobe, sai ga ta da kanta. Ta tarar da jikin Baba zafi zau. Ba ta nemi izini ba ta ɗaga rigar, fuskarta ta sauya.

"Mota! A nemo mota yanzu!"

Layi ya rikice. Mai Hoto ya fita a guje ba takalmi, shi ya tare mota, shi ya tallabe kan Baba har asibiti. Washegari da la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yar ta shigo shagon Mai Hoto. "Kawu, a wanke mana hotonsa babba guda ɗaya."

Ya buɗe hotunan yana bi. Fuska fes, murmushi har kunne. Sai idonsa ya sauka ƙasa. A kowane hoto hannun Baba na hagu yana dafe da gefen ciki, yatsun sun damƙe rigar. Shi ya ɗauka duka, bai taɓa gani ba.

"Wanne ya fi kyau, Kawu?"

Ya ɗora yatsa a kan hannun Baba a hoton, ya bar shi a wurin.