Lakar da Yagana Ta Ɗebo

Da jirgi ya suɓuce wa masu ɗaga shi ya danne ƙanena Gwadabe a bakin kogi, ƙafafunsa suka mutu nan take. Sa'idu maɗori ya zo daga cikin ganuwar Haɗeja, ya lallatsa bayan, ya ce a ba shi laka kowace safiya har kwana bakwai, zai miƙe. Matar Gwadabe ya gaya wa, Yagana, 'yar Guri, wadda Hausa ba ta gama zama a bakinta ba.

Ni dai ɗakin nan ba na iya shigarsa. Gwadabe ba ya sanin fitar fitsari balle babban, kuma zarnin yana tarar mutum tun daga zaure. Sai rana ta biyar na daure na leƙa. Na iske ta tana ba shi wani baƙin abu a ludayi, mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi, yana haɗiyewa yana runtse ido. Lakar kogi ce, ta ɗebo ta dama da ruwa.

Na ja ta har rumfar Musa mahauci ina faɗa duk hanya. Ƙuda ya rufe wurin, jini ya daskare a kan kututture. Musa ya sa gatari ya tsaga gadon bayan tunkiya. Ashe ƙasusuwan nan rami ne da su a tsakiya, a jere tun daga wuya har kusa da wutsiya. A ciki ga wata farar igiya kwance cikin fatarta, da ruwa-ruwa, 'yan zarurruka suna fita ta kowace gaɓa hagu da dama. Ya zaro ta da yatsa tana santsi, ya ce wannan ce lakar da ake nufi. Na kau da kai.

Yagana ba ta kau ba. Ta tambaye shi ko in an ci tana komawa baya. Musa ya tsinke igiyar biyu, ya haɗa bakunan, suka rabu. Ya ce shekara talatin yana fawa, duk dabbar da wannan ta tsinke mata wuƙa ake nemowa, kuma Sa'idu ya fi kowa sani.

Duk da haka ta karɓa, ta ƙunshe a ganye. Muna isa gida ta ajiye, ta juya Gwadabe, ta hau wanke shi da hannunta. Ni ina bakin ƙofa, gefen zane a hanci, ina jin haushin kaina.

"Yaya Larai, kin samo ta gaskiyar?" in ji Gwadabe.

Na ce na samo.

"To, saura kwana bakwai ke nan. A gaya wa masunta kada su ba wani komata."

Yagana ta ɗago ta dube ni. Na ce zan gaya musu.