Jirgin Ɗan Gwaggo

Tun da Hansai ta haifi ɗanta na fari, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Lawal ne sunansa, amma a wurinta "ɗan Gwaggo" ne, don yayar mijinta ce ta ɗauke shi tun daga yaye. Haka aka taso aka tarar a Maska: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, in ana zancensa ta sunkuyar da kai ko ta tashi. Hansai kuwa ta fi kowa riƙon wannan kunya, har da ita ake ba amare misali.

Da daminar 1964 aka tura Lawal Amurka karatun noma. Ba wanda ya faɗa mata, ta bayan zana ta tsinci labarin tana tankaɗe. Wai sai ya sauka Landan tukuna, sannan ya hau wani jirgin ya ƙetare babban teku, inda ba tudu ba tsibiri, ruwa ne sama da ƙasa. Matar da ko kogi ya kawo ba ta yarda ta tsallaka! Barci ya ƙaurace mata, tuwo ya daina shiga, kuma ba ta da bakin faɗa wa kowa dalili.

A bakin mata ta ji sauran. A Funtua akwai Anthony mai gyaran rediyo, abokin Lawal, yana da wata akwati mai kamo maganar matuƙa jirgin sama suna tsakiyar teku. Lawal ya bar masa lambar jirginsa da ranar ƙetarawa, ranar kuwa ta faɗo ranar kasuwa. Hansai ta cika faranti da ƙuli-ƙuli ta bi mota.

Shagon Anthony yana cike da maza wajen la'asar. An ja waya daga taga zuwa kan dalbejiya, akwatin tana ta shuu kamar ana suya. Hansai ta sauke farantinta a gefen ƙofa, ta juya wa shagon baya, wai ita ciniki ta zo. Mai saye ya tsaya har sau biyu ba ta ma gan shi ba.

Can wata murya ta ɓullo daga nesa, ta yi Turanci a gaggauce, ta nutse. Anthony yana fassara wa jama'a da Hausarsa mai tsalle-tsalle.

"Kowane jirgi, in ya yi tafiya kaɗan, dole ya kira ƙasa. Ya ce ni wane ne, ina wuri kaza, lafiya lau. Wannan ba namu ba. Namu yanzu zai kira."

Aka jira. Wani ya kira, ba shi ba ne. Wani ma ya kira. Anthony ya duba agogonsa, ya murɗa akwatin, ya sake duba agogon. Hansai ba ta san lokacin da ta juyo ba, har ta sa ƙafa ɗaya a bakin ƙofa.

Nan Anthony ya ɗago ya gan ta. Ya taɓa raka Lawal Maska, ya shaida fuskar. Bawan Allah, shekararsa ba ta kai biyu a Arewa ba, a garinsu kuwa uwa rawa take yi a titi in ɗanta ya hau jirgi. Ya miƙe da murna, ya ɗaga murya yadda har masu awon dawa suka waiwayo.

"Mama! Ku ba da hanya, maman Lawal ce! Ta zo jin jirgin ɗanta! Mama, zauna nan, kusa da akwati."

Dattawa suka kau da kai, samari suka danne dariya. Hussaini tela, mutumin Maska da ke ɗinki a shagon gefe, ya dubi ƙasa. Hansai ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Kafin magariba duk Maska za ta ji cewa ta biyo ɗan fari har Funtua.

"Wane ɗa?" ta ce. "Ni ƙuli na kawo. In ba ku saye, sai an jima."

"Mama, saura kaɗan fa!"

Ta ɗora faranti a ka ta fita. Kunya tana tura ta gaba, zuciyarta tana ja baya. Ta kai wajen masu tukwane ke nan sai ta ji shagon ya ɗauki hayaniya baki ɗaya. Ta tsaya cak. Daga nan ba a bambance shewa da salati, ga ƙugin motoci, ga masu talla. Ta kasa kunne har wuyanta ya ƙage, ba ta tsinci komai ba, komawa kuma ba hali.

Tana bakin tasha Hussaini ya iso a kan keke. Daga shagon ya fito, ya ji komai. Ya sauka ya durƙusa, ya gaishe ta kamar yadda ya saba. Yaro ne mai tarbiyya, ba zai ƙara mata kunya a kan wadda ta sha ba, sai in ita ta buɗe zancen. Ya ɗan jira, idonsa a ƙasa. Ta leƙa fuskarsa, ba ta karanta komai ba.

Ta buɗe baki. Sunan ya zo har kan harshenta.

"Hussaini," ta ce, "can wajenku an samu ruwa jiya?"

"An samu, Inna, alhamdulillahi."

"To madalla. A gaida gida."

Ya hau kekensa ya tafi da labarin jirgin a cikinsa.